Muryar Malam Harisu a Tashar Mairuwa

Damari,
Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Abdulƙarim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Asma'u da yara. Ya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan muna nan yadda ka sani. Auta Sumayya ta yi zazzaɓi ta warke. Inna, mahaifiyar maigidana, jininta ya hau, abinci ma sai an yi ta lallashi take taɓawa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke sabis wayoyinmu suka zama fitila kawai. Malam Gide direba, mai zuwa Funtua, shi ya ce in rubuta, yana da wanda zai miƙa wa ya kai maka Kankara. Rabona da dogon rubutu tun muna gidan Baba a Faskari, lokacin da kake zaune wurinmu kana makaranta. Na san zumuncinmu na kakanni ne, amma tun rasuwar Baba ba ni da wani yaya da zan kai wa kukana in ba kai ba.

Ka ji yadda ɓarayin daji suka ɗauke maigidana Malam Harisu a gonarshi ta bakin rafi cikin watan jiya. Abin da ba ka ji ba shi ne, sun yi ta kiran ƙaninshi Malam Yahya, rannan har suka ba Malam wayar ya yi magana. Ya ce yana nan da rai, a gaishe da Inna, kuma kada a bar waken gonar gida ba feshi. Ka ji mutum. Ana cikin wannan maganar da su aka ɗauke sabis. Yanzu ba su da hanyar kiranmu, mu ma ba mu da hanyar jin su.

Ga abin da ya sa na rubuto. Zauren nan na waya da kuka kafa kai da shi, inda manoma ke tura murya suna tambayar juna, shi mutanen garin nan suke zargi. A safiyar da aka ɗauke shi ya tura magana a ciki cewa zai leƙa bakin rafi ya ɗauko hoton tsutsar da ta faɗa wa masara, don 'yan Faskari sun ce ba su gane irinta ba. Ina tsaye ina dama koko ya faɗa. Malam Yahya ya ce mutum ɗari da wani abu ba za a rasa infoma mai kai wa ɓarayi labari a cikinsu ba, kuma wa ya san fuskar wani a wurin? Murya kawai ake ji.

Yaya, kai malamin gona ne, gwamnati ke biyanka ka yi yawon ƙauyuka. Shi ba wanda ya sa shi. In sabis ya dawo ina roƙonka ka rufe zauren nan kafin ya ci wani. Kuma in ka ji wani labari, ko ƙanƙane ne, ka aiko mani.

Ƙanwarka,
Lauratu

*

Kankara,
ƙarshen Satumba

Lauratu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta wa Hajiya gaisuwarki, ta sa maki albarka. Ƙafar da sauƙi, tana taka ta zuwa tsakar gida. Asma'u na gaishe ki, ta ce ki riƙa jiƙa wa Inna zoɓo ba sukari, amma kada a daina maganin asibiti.

Batun Malam Harisu bai bar ni na yi barcin kirki ba tun ranar. Ni na fara jawo shi cikin wannan abu. A wani taron manoma muka haɗu, na ga yana bayanin ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, mutane sun yi tsit, na ce masa irin wannan baki bai kamata ya tsaya a Damari kaɗai ba. Da mu 'yan kaɗan muka fara. Ba zan ce maki Malam Yahya ƙarya yake ba, domin ni ma na yi wannan tunanin. Ina bin sunayen ɗaya bayan ɗaya tare da masu unguwannin da zan iya kaiwa gare su.

Rufewa kuwa, a yanzu babu abin rufewa, zauren ya yi shiru da kansa. Sai da ya yi shirun na san me yake yi mana. Ni kaɗai ne a kan ƙauyukan da ko da zaman lafiya ba zan gama zaga su a damina ɗaya ba, balle yanzu da rabinsu ba a shiga. Bara da tsutsa ta ɓullo a gefen Faskari, kafin azahar hotonta ya zo mani, kafin sati ofishinmu ya tura magani, mutanen Sabuwa kuma suka yi shiri tun ba ta kai su ba. Bana oga ya kira ni ya ce in faɗa masa halin da wake yake ciki. Ban sani ba. Kamar an rufe mani ido.

Mutane dai ba su zauna ba. Bayan sallar Juma'a sukan taru a gindin bishiya, wanda ya zo daga wani gari ya faɗi abin da ya gani a gonakin hanya, a tattauna, kowa ya koma da shi garinsu. Shi ya kai ni Mairuwa Juma'ar da ta wuce. Lauratu, ina saukowa daga mota a tasha sai na ji muryar Malam Harisu, ras da ita, yana yi wa mutane bayanin feshin wake, sun kewaye suna saurare. Sai da na nemi benci na zauna.

Yaron motar da zai karɓi takardar nan yana ta yi mani hon a ƙofar ofis. Sauran bayani zan biyo da shi a ta gaba. Ku dage da addu'a. Waken gonar gida a yi masa feshi da yamma, ba da rana tsaka ba.

Yayanki,
Abdulƙarim

*

Damari,
farkon Oktoba

Yaya Abdulƙarim,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu lau, alhamdu lillahi, ina fatan ku ma haka.

Na karanta wurin nan na Mairuwa har takardar ta fara yagewa a ninki. Allah ya saka maka da alheri. Na so in riƙe abin a cikina har ta gabanka ta zo, amma na kasa. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa na ce, "Inna, an ji Malam a Mairuwa." Sai ta ce a kawo mata tuwon da ta ture. Ta cinye shi tas.

Tau amma me ya hana shi ƙarasowa gida? Na yi ta juya abin. Halan ta wancan gefen dajin suka sako shi, ko ya kuɓuto, kuma jikinshi bai yi ƙwarin hawa mota ba. Ko kuma kun ga gara ya ɗan ɓuya a can kada labari ya koma daji. In haka ne na fahimta, ban gaya wa kowa a waje ba, sai Malam Yahya. Shi ya ce in bi a hankali, wai maganar taka ba ta fita sosai ba. Na ce mashi Yaya ba ya magana sai ya tabbatar.

Ni ban yi mamaki ba da ka ce wake yake yi wa mutane bayani. Ko daga kabari aka tono shi, in ya ga manomi sai ya tambaye shi me ya shuka.

Na wanke kayanshi duka na goge da dutsen guga na gawayi. Na sa an share turakarshi. Yara sun lura, ban ce masu komai ba, amma Sumayya ta koma zama a zaure da la'asar tana leƙen hanya. Inna ma can take sa a shimfiɗa mata tabarma.

Ka faɗa mani a gidan wa yake, me yake buƙata. Ya rame? Sun taɓa lafiyarshi? In ba zai iya tafiya ba ni zan zo, ko a ƙafa ne. Maganar rufe zaure kuwa ka bar ta tukuna, in ya dawo ku yanke tare.

An yi wa waken feshi da yamma kamar yadda ka ce. Ya yi fure sosai.

Lauratu

*

Damari,
ƙarshen Oktoba

Yaya,

Sallama. Muna nan da rai. Ban san halin da kuke ciki ba, don ta gaban da ka ce ba ta zo ba. An tare hanya an harbi motar Malam Gide, shi ya tsira, amma ya ajiye tuƙi. Wannan wani mai kai barkono ne zai ɗauka, ban sani ba ko za ta kai.

Da jira ya yi yawa, Malam Yahya ya shirya ya tafi Mairuwa da kanshi, ta zagaye, da rigar Malam da hularshi a leda. Ya kwana a can ya dawo da ledar a hannu. A bakin rumbu ya same ni. Ya ce akwai wani mai sayar da iri da maganin feshi a tasha, yana da 'yar lasifika a kan tebur. Tsofaffin maganganun da Malam ya tura a zaure ne aka kwafe a memori, yake kunna wa mutane. Ya ce ya tsaya ya ji wanshi yana magana daga cikin akwati, mutane na gyaɗa kai, wani ma yana dariya. Da ya ce a kashe, mai shagon ya tambaye shi ko shi wane ne.

Abin da ka ji ke nan, Yaya? Kalma ɗaya ce ta rage ka ƙara. Da ka ce a waya, ko a lasifika, da ban shiga ɗakin tsohuwar nan ba.

Ban iya gaya mata ba. Malam Yahya ma ya kasa. Kullum da la'asar tana zaure, duk babur ɗin da ya tsaya sai ta ɗaga kai. In na kai mata ruwa sai ta ce, "Mairuwa ai ba nisa, ko?" In ce ba nisa, Inna.

Memorin ya iso garin nan ma. Shekaranjiya ina shanyar wake a tsakar gida sai na ji tarin nan nashi, wanda yake yi kafin ya fara magana, daga bayan katangar maƙwabta. Na saki faifan na fita ba mayafi. Matar gidan ce da ƙishirwar son sani, ta karɓo a wayar mijinta tana jin yadda ake adana hatsi. Da ta gan ni ta rasa inda za ta sa kanta. Tun ranar ina jin shi ko'ina. A wurin mai nika, a bakin famfo, cikin aljihun mai wucewa. Wani lokacin in na tsaya na kasa kunne sai in tarar ba kowa, ba waya.

Mutumin da ba mu san yana raye ko ya mutu ba, kun sa shi yana yawo kasuwa kasuwa yana yi wa mutane aiki. Su suna cika rumbu da bakinshi, mu muna nan. Ba rufewa kaɗai nake so ba yanzu. Ku goge shi. Ku bar mana shi mu kaɗai mu ji da rashinshi.

Na ninke kayan na mayar cikin akwati.

Lauratu

*

Kankara,
Nuwamba

Ƙanwata Lauratu,

Assalamu alaikum. Takardunki biyu tare suka zo hannuna, ta murna a sama, ɗayar a ƙasa. Muna lafiya, sai dai tun da na karanta su na kasa haɗa ido da Asma'u, domin ita ta fara cewa, "Me ka rubuta wa yarinyar nan?"

Na rubuta ta gaban washegari, na yi bayanin lasifikar da komai. Ina jin tana cikin motar Malam Gide ranar da aka tare su. Wannan ba hujja ba ce. Ni na san abin da nake nufi, sai na ɗauka ke ma za ki gani, na manta da wadda take karantawa da abin da take jira. Ki yafe mani. Ki roƙa mani Inna gafara ranar da za ta iya ji.

Na kai maganarki gindin bishiya a Mairuwa, na faɗe ta yadda kika faɗa, ban rage ba. Mai shagon irin, Alhaji Lawwali, ya kashe lasifikarsa nan take, ya ce bai san ƙanin Malam ne ya zo ba, kuma ba zai sake kunnawa a tasha ba sai da izininki. Waɗanda ke wurin da yawa sun ce za su goge. Amma ba zan yi maki ƙarya ba, abin ya fi ƙarfin hannuna. Daga waya zuwa waya ake turawa ba sai da sabis ba. Ya shiga garuruwan da ni ban taɓa takawa ba.

Wani dattijo daga wani ƙauye a bayan Faskari ya tashi ya ce a isar maki da wannan, ni kuma na yi alkawari. Ɗansa ya sayo ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu don ƙwari, zai jera buhunan wake a ɗakin da yara ke kwana, saboda yanzu ba mai yarda ya bar hatsi a rumbun waje. Matar ɗan ta hana, ta ce ta ji Malamin Damari yana cewa hayaƙin ƙwayar nan ba ya wari sosai amma yana kisa, kada a kwana ɗaki ɗaya da shi. Suka yi ta gardama har ta kwashe yaran ta kai ɗakin kakarsu. Da safe kajin da suka kwana a ɗakin buhunan duk sun mutu. Dattijon ya ce shi ba zai ce kada a goge ba, haƙƙinki ne, amma jikokinsa na nan suna wasa a ƙofar gida.

Ban faɗa maki don in ɗaure ki ba. Abin da kika ce gaskiya ne, mu muke amfana, ku kuke ɗauke da nauyin.

Batun infoma, na bi sunayen da zan iya bi, ban samu abin kamawa ba, kuma ba zan rantse babu ba. Mun dai yanke cewa in sabis ya dawo, ba wanda zai ƙara faɗin inda za shi ko yaushe. Sai ka je ka dawo ka faɗi abin da ka gani. Kuma ba mai shiga sai mutum biyu na ciki sun san gidansu. Da tun farko muka yi haka.

'Yan zauren sun tambaye ni halin da dawarku take ciki. Na ce ban sani ba. Ki sa Malam Yahya ya aiko mani in ta isa yanka.

Abdulƙarim

*

Kankara,
ƙarshen Nuwamba

Lauratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan takarda a hannun Alhaji Lawwali na ba da ita, na ce ya fara kai wa Malam Yahya da liman, su shigo da ita tare. In tana hannunki, kin riga kin ji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Malam Harisu, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Na so in zo da kaina, an hana ma'aikata bin hanyar. Wannan karon zan rubuta komai filla-filla.

Wani mutum ne ya zo ofis yana nemana da suna. Malam Salahuddeen, daga wani ƙauye a yammacin Kankara. Bai fi sati biyu da fitowa daga daji ba, yana dogara sanda, sawun sarƙa na nan a ƙafarsa. Ba ɗan zaure ba ne, bai taɓa riƙe babbar waya ba. A sansani ɗaya aka tsare su da Malam.

Ya ce zazzaɓi ne, ba harbi ba. Ya kama shi wajen lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa, ya yi kwanaki yana fama, ya cika da hantsi da kalmar shahada a bakinsa, kansa a cinyar shi Salahuddeen. An bar su sun yi masa wanka da sallah, suka binne shi a gindin wata ɗorawa. Ranar ce bai iya tantancewa ba, ya ce a can kwanaki ba su da suna.

Na tambaye shi ko ɓarayin sun san wanda suka ɗauka. Ya ce Malam da bakinsa ya faɗa masa, shanu suka biyo ta bakin rafi suka ci karo da shi, sai da suka kai daji ma suka tambaye shi sunansa da garinsu. Na gaya wa Malam Yahya wannan a takardarsa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ya ce da farko kowa a cikinsu kuka yake ko ya yi shiru kamar gunki, akwai wanda ya fara magana shi kaɗai. Sai Malam ya ɓullo da wani abu. In an ɗaure su da yamma sai ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Kai a garinku ya kuke yi da gara?" Mutum ya faɗa, wani ya ce a'a, mu ba haka muke ba. Gobe a ɗauko taki, jibi a ɗauko awaki. Har gardama suke yi ƙasa-ƙasa a kan tazarar shuka, mutanen da ba su san ko za su ga wata damina ba. Ya ce abin da ya riƙe masa hankali ke nan. A can ya ji labarin zaure, a can ya ji sunana.

Saƙo biyu ya ba shi. Na farko namu ne. Ya ce gajeriyar dawar nan mai saurin nuna da yake ta ba mutane labari, wadda za a iya shukawa kusa da gari ba ta ɓoye mai tahowa, ba shi ke zaɓen irinta ba, ke ce, tun daga zangarniya. Ya ce in ana so a tambaye ki, amma a bari sai kin huce.

Na biyu naki ne, ga shi yadda ya faɗa: "Ka ce da ita na yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe mani yawan fita. Ka ce ban ji tsoro sosai ba."

Salahuddeen ya nemi a sa shi cikin zaure. Na ce ai ba shi da waya. Ya ce yana da ƙafa, yana da Juma'a.

Allah ya ba ku haƙuri. Hajiya da Asma'u suna kuka tare da ku.

Yayanki,
Abdulƙarim

*

Damari,
ƙarshen Disamba

Zuwa ga Yaya Abdulƙarim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajiya da Yaya Asma'u, na gode da turamen da suka aiko. Sanyi ya sa yara tari, amma da sauƙi. Ni ma da sauƙi. Na yafe maka tun tuni, nauyin biro ne ya hana ni faɗa.

An yi zaman makoki ba gawa. Liman ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafinta, kuma tunda ba wanda ya san ranar, in ɗauka daga ƙarshen abin da ake zato. Na zauna na yi ta auna maganar Malam Salahuddeen, lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa. Ina jin a kwanakin da nake goge mashi riguna ne. Wannan ban gaya wa kowa ba sai kai.

Inna liman ne ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ce a naɗe tabarmar zaure a mayar mata ɗaki.

Dawa ta isa yanka muna cikin karɓar gaisuwa, ba wanda ya tuna da ita. Ran nan da hantsi sai ga mutane a ƙofar gida da laujensu, wasu daga Mairuwa, wasu daga gefen Faskari, har da wanda ya kwana a hanya. Ban fita ba, ina ɗaki. Amma Yaya, na san su. Shekaru ina jin su a wayar Malam ina tuƙa tuwo. Wannan mai in'ina ne da kullum yake tambayar taki, wancan mai dariya kafin ya yi magana, ga tsohon nan da ba ya yarda da maganar kowa. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba, ta bayan katanga na riƙa gane su ɗaya ɗaya. Malam Yahya da ke zarginsu ma daga baya ya shiga ya ɗauko nashi laujen. Kafin la'asar dammuna na tsakar gida. Ko fura ba su tsaya sha ba saboda hanya.

Matan da suka zo gaisuwa daga ƙauyuka, bayan an yi addu'a sai ka ga ɗaya ta matso tana jan mayafi, ta ce wai an ce ni ke zaɓen iri. Ranar farko na ji haushi. Daga baya na ga zaman shiru ya fi cina, sai na sa aka ɗauko dami ɗaya na kwance, na nuna masu wadda ake ɗauka da wadda ake bari, da yadda nake ratayewa a madafa hayaƙi ya bi ta. Wata daga Sabuwa ta ce su toka suke sawa a tulu su liƙe baki da laka, ta nuna mani yadda ake gane tokar ta isa. Ban san wannan ba. Yanzu ranar Laraba sukan zo, mu biyar, mu shida, wani lokacin fiye. Ka tanadi buhunan nan masu leda a ciki da ofishinku ke rabawa, suna tambaya, kuma suna da abin da za su faɗa maka game da su, ba duka ne mai daɗi ba.

Batun gogewa, na janye. Ba don zuciyata ta daina bugawa in na ji shi ba. Abu ɗaya nake roƙo. A gaban kowace magana tashi, wani ya fara faɗin cewa mai wannan murya ya rasu, a yi mashi addu'a. Kada wata ta ji shi a tasha ta koma gida da abin da na koma da shi. Ka gaya wa Alhaji Lawwali in an yi haka ya kunna.

An ce sabis ya fara dawowa a wasu wurare, wataƙila wannan ce takardata ta ƙarshe kafin ka ji ni a waya.

Satin da ya wuce Inna ta kira ni ta ce ta ji ana cewa ɗanta na cikin wayar mutane, ita kaɗai ce ba ta ji ba. Na yi ta kauce-kauce, ta ce ba roƙona take ba. Na karɓo memorin wurin maƙwabta na sa mata a wayata. Na zaɓi wadda yake maganar shukar gero, don ita ce mafi tsawo. Da ya ce salamu alaikum, sai ta gyara zama ta ce, "Wa alaikumus salam, Harisu." Ta saurara har ƙarshe, a wani wurin ma ta ce ba haka ubanshi yake yi ba.

Hankalinta ƙalau yake, ta san ya rasu, ita ke tuna mani sadakar Juma'a. Amma kullum bayan la'asar sai ta miƙo hannu in ba ta wayar. Ya yi sallama, ta amsa. Ni kuwa in na kunna mata sai in fito in zaga bayan rumbu in tsaya har ya gama.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Lauratu